Kaina a Kan Keken Ɗinki

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma na buge kafaɗa da ƙofar shago. Gaba kawai nake gani, gefe ya dushe. Likita ta ce ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa yake danne jijiyar ido. In mai taushi ne, ta hanci za su zuƙe shi. In mai tauri ne, wataƙila sai an buɗe kai. Na ce to ya za ku sani, latsawa za ku yi kamar tumatir? Ta ce kusan haka. Wai a na'urar hoto akwai matashin kai mai girgiza kan mutum a hankali, daga yadda girgizar ta ratsa suke gane taurinsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ba da kunya. Suna tura ni cikin bututun na'urar, matashin kan ya fara karkarwa, na hau ihu a fito da ni. Mai hoton ya ce, "Mama, in kin motsa hoto ya lalace." Saura dama ɗaya kafin ranar aiki. Tsoro nake ji, wallahi.

Asabar, 8 ga Maris
Auta, ƙanwata, ta zo da wata dabara. Wai in ɗora kai a kan teburin keke, ta lulluɓe ni da bargo, ita kuma ta taka, don in saba da girgizar. Kekena! Wanda ko mai ban yarda ta ɗiga masa ba tun da ta zo koyo, sai guga da saka maɓalli. Ta ce, "Yaya, ko keken ko kanki." Marar kunya. Na yarda.

Talata, 11 ga Maris
Kullum muna yi. Wuya ya ƙage. Mai shagon kusa ya leƙo, ya koma da salati.

Laraba, 19 ga Maris
Na yi! Na rufe ido na ce kekena ne, Auta ce ke takawa. Ko yatsa ban motsa ba. Likita ta nuna min hoton, wurin ya fito shuɗi. "Mai taushi ne, Mama." Auta ta ce ikon Allah, ashe akwai abu mai taushi a kan nan. Zan rama.

Litinin, 24 ga Maris
An cire ƙarin. Hanci cike da auduga, kaina ko gashi ɗaya ba a taɓa ba. Alhamdulillahi.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na koma shago. Ina fuskantar titi, sai na ga motsi ta wutsiyar ido. Ta gefe! Ban juya ba, amma ina ganinta sarai: Auta a kan kekena, tana ɗinka wuyan riga. Hawaye suka zubo min.

Wuyan ya ɗan karkace, wannan ma na gani. Na miƙa hannu na jawo kwalbar maɓallai.