Dattin Bututun Baba

Taupō, 3 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, ya gwiwar taka? Albishirinka! Baƙin dattin da ka shekara talatin kana kankarewa daga bututun tashar wutar lantarki mai jawo ruwan zafi daga rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa, na auna shi. Akwai zinariya da azurfa a ciki. Na haɗa matatar da za ta tsamo su kafin a mayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Amma ƙasar ta danginmu ce. In dattawa ba su yarda a taron Asabar ɗin ƙarshen wata ba, an rufe aikin ke nan. Ka san a al'adarmu mace ba ta jawabi a filin gidan taro. Don Allah ka tsaya mini.

'Yarka,
Ngahuia

Reporoa, 6 ga Mayu

Ngahuia,

Gwiwa da sauƙi. Ashe ni attajiri ne, ina ta zubar da arzikina a rami? Gwaggonki ta yi dariya har haƙoran robanta suka faɗa cikin shayi. Amma tsaya. A ruwan nan kakanninmu suka dafa dankali, a ciki aka yi miki wankan farko. Aronsa muka ba tashar, bisa sharaɗin ya koma cikakke. Yanzu in miƙe in ce a tatse shi? Ban iya ba.

Ki huta lafiya,
Babanki Tuhoro

Taupō, 8 ga Mayu

Baba, barka da gida.

Haba! Yaushe ya taɓa komawa cikakke? Shi da kansa yake barin zinariyar da azurfar a bututu, kai ka fi kowa sani, hannunka ne ya kwashe. Ko ɗigo ɗaya na ruwan ba zan rage ba. Ga ƙwayar azurfa a ambulan, daga rijiyar da ta ƙona maka yatsa. Shekara shida na yi a kan aikin nan, Baba. Tsoro nake ji.

Ngahuia

Reporoa, 10 ga Mayu

'Yata,

Na wuni ina juya ƙwayar nan a tafin hannu. Ba zan yi magana a madadinki ba, kwafsawa zan yi. Na sa dattawa sun mayar da taron cikin ɗaki, inda mace ke da baki. Sun yi gunaguni, na fi su iyawa.

Ki zo ki faɗa musu da kanki. In kin gama, waƙar da mata ke yi don mara wa mai jawabi baya, ni zan miƙe in yi miki ita. Kin dai san muryar tawa, sai haƙuri.

Mai alfahari da ke,
Babanki