Yis Ɗin Da Ba Ya Tashi

Manawashi, Gombe
Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga mijina, Yaya Mu'azzam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da kewar da ta fi gaisuwar yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Kaduna, yaya kwas ɗin? Na san za ka ce ga waya, me ya kawo takarda. To ni dai a littattafan da nake karantawa ban taɓa ganin an ajiye kiran waya a ƙarƙashin matashin kai ba. Malam Sallau direba na tashar Bolari zai kawo maka, ka daure ka karanta.

Maganar Hajiya ce. Ban faɗa maka duka a waya ba don tana kusa da ni. Tun da likita ya hana ta gishiri da magi saboda hawan jinin nan, abinci ya fita ranta. In na kai mata tuwo sai ta yi loma biyu ta ture, ta ce miyar salam kamar ruwan wankin kwano. Na ƙara daddawa, na ƙara citta da tafarnuwa, duk a banza. Awarwaronta yanzu har gwiwar hannu yake zamowa. Jiya Yaya Safiyyatu ta kira, ta ce ranar Asabar za ta zo ta tafi da mahaifiyarku Kano, tunda wadda aka bar wa ita ta fi sanin littafin soyayya a kan tukunya. A kunnena ta faɗa, don wayar a buɗe take.

Ba haushi na ji ba, tsoro na ji. Ka san tun rasuwar Ummata ban sake samun wadda za ta tsefe mini kai tana yi mini faɗa ba sai Hajiya. In ta tafi Kano ba dawowa za ta yi ba, kai ma ka sani.

Amma ga albishir! Anti Millicent maƙwabciyarmu, nas ɗin nan da ke auna wa Hajiya jini, ta same ni a kicin idona jawur. Da na gaya mata sai ta koma gidanta ta dawo da wata kwalba. A ciki akwai ɓarɓashi rawaya mai laushi kamar dusar masara. Ta ce sunansa yis na gina jiki, babu nama a ciki, babu madara, gishirinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma yana da furotin da bitamin. A gabana ta kira likitan Hajiya, ya ce babu laifi cokali ɗaya ko biyu a abinci, amma kada mu ɗauke shi magani.

Yaya, na lasa! Kamar soyayyar gyaɗa ta haɗu da cuku, can ƙasa kuma wani ɗanɗano kamar romon kaza. Na tsaya a kicin ina murmushi ni kaɗai. Har na hango Hajiya tana suɗe kwano, kai kuma ka turo ƙofa da jaka a kafaɗa ka same mu muna dariya. Gobe miyar kuka zan yi. Ka sa mu a addu'a.

Hajiya tana gaishe ka. Ka kula mini da kanka.

Taka,
Batul

Manawashi, Gombe
Laraba, 9 ga Oktoba

Yayana abin ƙaunata,

Sallama da gaisuwa. Da fatan ka tashi lafiya, kuma murar da na ji a muryarka ta sake ka. Mu lafiya ƙalau, sai dai matarka ta yi ɓarna da bakinta.

Ranar Litinin na yi yadda Anti Millicent ta koya mini. Sai da na sauke miyar sannan na barbaɗa cokali biyu na juya. Ƙamshin ya cika falo. Hajiya ta yi loma ɗaya ta dube ni, ta yi ta biyu. Ina daga bakin ƙofa ina ƙirgawa a zuci, har sha ɗaya! Rabon da ta wuce uku an fi sati biyu. Ta tambaye ni ko na saci hanya na sa magi ne, na rantse ban sa ba. Daɗi ya ɗebe ni, na ce mata ai yis ne.

Hannunta ya tsaya a iska. Ta ajiye lomar, ta dafe cikinta da hannu biyu tana salati. Ta ce shekara talatin tana suyar masa, ta san abin da ɗan yis kaɗan ke yi wa ƙullu, yanzu ni na zuba mata cokali biyu a ciki, so nake ta kumbura kamar fanke a mai. Ta sassauta zanenta ta zauna tana jira. Kowane minti sai ta taɓa cikin ta ce ga shi nan ya fara.

Zan faɗa maka gaskiya, ni ma na riƙa satar kallon cikin nata. Ban tambayi Anti Millicent wannan ba, murna ta hana ni.

Jiya da yau ko kunu na dama sai ta sunsuna ta ajiye. Ruwan shayi kawai take sha, shi ma da hannunta take haɗawa. Ta fito da babbar jakarta ta fara ninke zannuwa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da yamma Anti Millicent ta dawo daga aiki na tare ta a ƙofar gida. Ta yi dariya har da jingina da bango. Ta ce wannan ba na burodi ba ne, an gasa shi da zafi kafin a busar, matacce ne, ko a buhun fulawa aka juye shi ba zai motsa ba. Na ce ta zo ta gaya wa Hajiya. Ta ce tsohuwar mai masa ba da baki ake shawo kanta ba, ƙullu ne kawai zai yi mata magana ta yarda. Tun ɗazu nake juya maganar, kuma na jiƙa shinkafa. Saura kwana uku.

Kada ka kira Yaya Safiyyatu, don Allah. Ka bar ni na gwada.

Matarka mai kewarka,
Batul

Manawashi, Gombe
Lahadi, 13 ga Oktoba

Yaya Mu'azzam nawa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka, amma da sauri, don akwai labari.

Ranar Alhamis da hantsi na kai ƙullun masa gaban Hajiya, na raba shi kwano biyu, na durƙusa na roƙe ta ta zuba yis da hannunta. Ɗaya na burodi ɗan kaɗan, ɗayan kuwa na kwalba. Ta harare ni, ta kamfaci cokali uku na kwalbar ta zuba, wai don kada na ce ba ta ba shi dama ba. Ta rufe su da faifai, ta jawo kujera ta zauna gadi. Ko da na zo wucewa da tsintsiya sai da ta kore ni, wai kada na yi wani siddabaru. Bayan azahar na burodi ya ɗaga faifansa yana kumfa. Ta buɗe ɗayan, yana nan kwance yadda ta bar shi. Ta tsoma yatsa, ta girgiza kwanon, ta ƙara masa lokaci har la'asar. Daga nan ta ce wannan ai malalaci ne, ba yis ba, ta tambaya ko akwai sauran miya.

Juma'a ta ci dambu da zogale an barbaɗa masa, ta ci wake da rana. Anti Millicent ta auna jininta ta ce yana nan daidai gwargwado, ta ci gaba da shan maganinta.

Jiya Yaya Safiyyatu ta iso da mota. Ta tarar da Hajiya da kwanon fate a gaba, gumi a goshi. Ta tsaya tana kallo. Na zubo mata, ta ci, ta ce da daɗi, ta tambayi me aka sa. Hajiya ta ce yis. Yaya Safiyyatu ta saki cokali! Ka so ka ji mahaifiyarka tana yi mata bayani kamar ita ta ƙirƙiro shi, wai ita da take birnin Kano ba ta san akwai mai rai akwai matacce ba.

Duk da haka Yaya ta ce a ɗauko jaka. Na shige kicin na tsaya bayan ƙofa ina saurare. Sai na ji Hajiya tana cewa a bar jakar inda take. In Allah ya kai mu Sallah za ta zo Kano ita da yarinyarta, wato ni, mu kwana uku mu dawo gida.

Yau da safe Yaya ta tafi. Kafin ta shiga mota ta riƙe hannuna ta ce sannu da ƙoƙari, Batul. Ni kuma wannan ya ishe ni.

Hajiya tana kirana, wai kaina ya yi kama da sheƙar tsuntsu, in kawo mataji. Sai ka dawo, Allah ya kawo mana kai lafiya.

Taka har kullum,
Batul