Katakon Hawa na Uku

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Inna da ƙoƙari? Mu nan da sauƙi. 'Yan biyu sun koma makaranta, sai dai har yanzu in sun ji ƙarar babur a ƙofar gida sai su ruga su leƙa.

Na zaɓi rubutu ne saboda yadda wayarmu ta shekaranjiya ta kasance: ni ina kuka, kai kana cewa in ƙara ɗaga murya ba ka ji, har maƙwabciyata ta leƙo ta taga. Maganar da ke bakina kuwa ba ta ɗaga murya ba ce.

Baba, yau wata guda ke nan da katako ya karye da Baban 'yan biyu a hawa na uku na benen da suke ginawa. Duk wanda ya shigo gaisuwa magana ɗaya yake yi: haka Allah ya so. Wanda ya fi kowa nanata ta shi ne Injiniya, amininsa mai riƙe da aikin ginin. Ka tuna shi, wanda ka taɓa tambaya a wace makaranta ya yi injiniyancin, ya ce ta duniya. Kusan kullum sai ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya turo matarsa ciki da kayan cefane, ya ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Kirkinsa ya yi yawa, Baba, har ya fara ba ni tsoro.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Mijina kafinta ne, shekara goma sha bakwai shi yake kafa katakan da magina ke takawa su yi aiki a sama. Ko kujerar falonmu sai ya girgiza ta kafin baƙo ya zauna. Ta yaya katako zai ci amanar mutum irin wannan? Na roƙi Injiniya a kawo mini guntun da ya karye in gani da idona. Ya ce ai an ƙone shi da shara tun washegari. A wurin ginin da ko ƙusa ta lanƙwashe sai an miƙar da ita an sake bugawa, wa yake ƙona katako?

Kai ka koya mana cewa babu abin da ke faruwa sai da nufin Allah, kuma na yarda. Amma in wani ne ya kawo ruɓaɓɓen katako, shi ma Allah ne ya kawo? In Shi ne, ya zan yi da abin da nake ji a ƙirjina idan na tsaya salla? In ba Shi ba ne, me ya sa kowa yake saurin jingina masa?

Kada ka nuna wa Inna wannan. Ka gaishe ta, ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Auta

*

Baba na kaina,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kuma maganin shafawar da na aiko ya yi amfani. Amsarka ta iso, na karanta ta sau uku. Rubutunka bai canja ba, har da jan layin da kake yi a ƙarƙashin abin da kake so mutum ya haddace.

Ka ce Allah ya san abin da zai faru kuma ya bar shi ya faru, amma ya ba mutum hannu da hankali, don haka wanda ya aikata mugunta shi zai amsa, ba zai laɓe bayan ƙaddara ba. Na gane wannan. Abin da ban gane ba shi ne barin. Da ina tsaye kusa da rijiya yarinya ta nufo ta, na gani na ƙyale, kai da kanka za ka ce ina da laifi. Na san za ka ce kada in auna Ubangiji da kaina. Ba aunawa nake ba, Baba, tambaya nake, kuma ba ni da wanda zan yi wa ita sai kai.

Ka kuma ja mini kunne a kan zargi ba hujja. To saurari abin da ya faru. Ranar Talata da hantsi wani dattijo ya yi sallama. Shi ne mai kwaɓa siminti a wurin ginin, Tsoho suke kiransa. Na sa aka shimfiɗa masa tabarma a baranda. Ya sha ruwa, ya daɗe yana juya kofin a hannunsa, sannan ya ce, "An yi magana da safen nan, 'yata. Wallahi an yi magana." Ban kai ga tambayarsa wace magana ba, sai ga matar Injiniya ta shigo da leda. Tsoho na ganinta ya zura takalmansa a karkace ya fita, ko sallama bai ƙarasa ba.

Na zaunar da ita, na yi kamar hira nake, na ce ashe an yi cacar baki ranar. Ta ce ai abin bai kai faɗa ba, ɗaga murya ce kawai irin ta maza. Sai ta kama bakinta, ta hau yabon labulena. Ashe dai an ɗaga murya, kuma wata biyu babu wanda ya gaya mini.

Tun ranar na daina cin abin da suke kawowa, maƙwabta nake miƙa wa. Ina salla a kan lokaci, amma ba zan ɓoye maka ba, baki ne kawai yake yi. Jiya ina taje wa ƙaramar 'yan biyu kai, ta ce, "Umma, Allah ne ya tura Abba ya faɗo?" Na ce a'a. Ta ce to waye? Na ce ta daina motsi kitson zai karkace. Ni da nake koyar da yara arba'in a aji, da kitso na kauce wa tambayar 'yar shekara shida.

Ka gaida Inna. Ka ce mata ina cin abinci.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Babana,

Sallama da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gida? Ka gafarce ni da jinkirin amsa, sai da na sami natsuwar riƙe biro.

Na aika aka kira Injiniya. Na ce ya shigo falo da matarsa, ba bakin ƙofa ba. Na ce masa na san an ɗaga murya, na san an ƙone katako, in bai gaya mini gaskiya yau ba, ranar da na fita takaba ofishin 'yan sanda zan fara zuwa.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce shi ne ya fara ganin tsagar a jikin katakon da safen nan, ya kira mijina ya nuna masa, ya ce a sauke shi. Sababbin katakai ba su iso ba, mai ginin kuma zai zo duba aiki washegari. Wai mijina ya buga katakon da ƙafa, ya yi dariya ya ce, "Na sha taka wanda ya fi wannan lalacewa. Allah zai kiyaye." A kan haka suka ɗaga murya. Ya ce ya ƙone guntun ne don kada a riƙa faɗi a gari cewa kafinta aikin hannunsa ya kashe shi, 'ya'yansa su tashi suna ji. Yana faɗa yana kuka, matarsa na taya shi.

Ban yarda ba, Baba. Ɗora wa mamaci laifi ba wuya, ba zai tashi ya musa ba. Na sa ƙanin mijina ya nemo mini Tsoho, ya kawo shi shi kaɗai. Tsoho ya ce duk abin da Injiniya ya faɗa haka ne, da kunnensa ya ji. Amma ya ƙara abin da Injiniya ya tsallake: sati guda yana bin su da tsawa a kan a gama kafin mai gini ya zo, kuma da suka gama musun bai ce kowa ya sauko ba, juyawa ya yi ya tafi amsa waya. Shi ne mai ikon tsayar da aiki, bai tsayar ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san kalmar nan ta mijina, "Allah zai kiyaye." Na sha jin ta a bayan babur ɗinsa idan na ce birki ya yi sanyi. Mutumin da yake tsoron kujera ta karye da baƙo bai taɓa jin tsoro don kansa ba, ni kuma na ɗauki hakan jarumta.

Ka ga inda na tsaya. Ɗaya ya kira sunan Allah kafin abin ya faru don kada ya jira katako, ɗaya ya kira sunansa bayan ya faru don kada a tambaye shi. Ni kuma na kwashe wata uku ina fushi da wanda aka kira, ban ma san abin da masu kiran suka yi ba. Ina jin haushin mijina, Baba, kuma ina kewarsa, duk a lokaci guda. Ya halatta mace ta ji haushin mamaci?

A gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Auta

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya da amsarka, musamman inda ka ce haushin ma ƙauna ce. Yaya Inna? Ka ce mata mun ga saƙo, rigunan sun yi wa yaran daidai.

Na fita takaba ranar Asabar. Litinin bayan an tashi makaranta na hau mota na tafi wurin ginin, ban gaya wa kowa ba. Niyyata in ga wurin kawai in yi masa addu'a in dawo.

Benen ya kai hawa huɗu yanzu. Na tsaya kusa da tarin yashi na ɗaga kai. Mutum huɗu ne a sama suna shafe bango, tsaye a kan katakai. Katako na biyu daga hagu ya tsage tun daga baki har kusan tsakiya, an ɗaure shi da waya. Duk sanda mai shafen ya matsa, sai katakon ya lotsa. Daga ƙasa nake gani, Baba, ni da ba kafinta ba.

Na ɗaga murya na ce su sauko. Suka leƙo suna kallona. Wanda ke kan katakon, wani mai furfura a gemu, ya ce, "Hajiya, kada ki damu, rai a hannun Allah yake." Na ce, "Haka ne, amma katakon a hannunku yake. Ni ce matar kafinta." Nan take Tsoho ya ajiye shebur ɗinsa.

Aka kira Injiniya a waya, ya iso yana haki. Ya fara cewa ai gobe za a canja, in zo mu yi magana a gefe. Na jawo bulo na zauna daidai ƙarƙashin katakon, na ɗora jakata a cinya. Na ce ba inda za ni, wanda zai faɗo yau a kaina zai faɗo. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce kowa ya sauko. Da kansa ya hau ya kwance wayar, ya jefo katakon ƙasa. Yana taɓa ƙasa ya rabe biyu. Mai furfurar nan ya daɗe yana kallon guntayen, sannan ya zauna a kan yashi ya dafe kansa.

Har yanzu ban saki jiki da Injiniya ba. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ya kama shi, ko na 'yan sanda. Na gaya masa zan riƙa biyowa ta nan bayan makaranta ba tare da na faɗi rana ba.

Tambayar barin nan da ba ka amsa mini ba, kuma na daina sa ran za ka iya, ta dawo mini haka: me ya sa wancan katakon ya karye, wannan kuma ya jira har na zo? Ban sani ba. Da na dawo gida na yi la'asar, na tambaye Shi kai tsaye, goshina a ƙasa. Ban sami amsa ba, amma wannan ce sallar farko tun rasuwar da na san da wa nake magana.

Mai furfurar 'ya'yansa biyar, Tsoho ne ya gaya mini. Ran nan da ransa ya koma gida, ya ci abinci tare da su.

Ka gaida Inna. Muna nan tafe hutu in Allah ya kai mu.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta