Sabon Irin Dawa da Lissafin da Na Yi wa James

Anti Lydia, don Allah ki taimake ni. Abin da zan faɗa miki ko 'yar ɗakinmu a makaranta ba ta sani ba: akwai wanda nake so, shi kuwa ina jin lissafina kawai ya sani.

Ƙauyenmu na kusa da Abaji, shekarata goma sha bakwai. A ajinmu na lissafi ni kaɗai ce mace. In na zo hutu kuma, da na iso rafi sai hirar sa'o'ina ta mutu, wai 'yar boko ta zo. Sai in koma bayan rumbu da littattafan soyayyar da nake arowa, in yi ta maimaita su.

Bana aka turo mana malamin gona, James. Ya kawo sabon irin dawa, ya sa manoma bakwai suka shuka rabin gona da shi, rabi da namu na da. Bayan girbi ya ji ina karatun ƙididdiga, sai ya zo har gida. Anti, da ya jingine kekensa jikin darninmu ya kira sunana, sai da na manta yadda ake gaisuwa.

Na yi masa gwajin t, wanda ake yi in abin da aka auna kaɗan ne. Ya nuna sabon iri ya fi. Tun daga nan kullum sai ya biyo ta gidanmu, mu ɗan taɓa hira.

To amma gwajin nan yana da sharuɗɗa, malaminmu ya sha ja mana kunne a kai. Ba da ƙuri'a James ya zaɓi gonakin ba, inda keke ke kaiwa ya ɗauka, duk a kwari. Huɗu ma na 'ya'yan Wakili ne, gona ɗaya ce gado ya raba, tare suke nomanta, da ƙyar za a ce shaidu huɗu ne. Ga kuma gonar Maude: rabin da ya sa sabon iri, nan shanun wani makiyayi, Bappayo, suka ci rani, suka bar taki. Ita kaɗai ta ja matsakaicin sama. In babu ita, ƙarin bai wuce dami ɗaya ko biyu ba.

Gonar babana tudu ce mai tsakuwa, ba a gwada irin a wuri kamarta ba. Amma da ya ji an ce 'yarsa ce ta tabbatar, ya ce in an gama sussuka zai sauke zangarniyar irin kakana da ke rataye saman murhu, a haɗa da ta ci. Bai taɓa alfahari da karatuna haka ba.

In na yi magana na kunyata James, ƙila ya daina zuwa, in koma bayan rumbu. In na yi shiru, badi me za mu ci? A littattafan nan ba a taɓa tambayar yarinya irin wannan.

Na so in yaga takardar. Amma ga motar kasuwa can tana lodi, bari in miƙa wa direba ya jefa a gidan waya kafin zuciyata ta karaya.

Mai Zaman Bayan Rumbu

*

'Yata,

Na nuna wa wata ƙawata mai koyar da lissafi wasiƙarki, ta ce idonki ya gani daidai. Lissafi ba ya gyara zaɓen da aka yi a karkace.

Fara da babanki, yau ɗin nan. Ki ce masa ya bar zangarniyarsa inda take, ya gwada sabon a kunyoyi kaɗan na gonarsa. Ba ƙarya kika yi masa ba, aiki ne bai ƙare ba.

Ki kuma yi wa James adalci. Ba ha'inci ya yi ba, mutum ɗaya ne da keke ɗaya. Irin nasa ma yana iya zama mai kyau, shaidar ce ba ta isa ba. Ki same shi ba a gaban manoma ba, kafin ya aika da rahoto, ki je masa da gyara a hannu: badi a zuba sunayen gidaje a hula, har da na tudu, a zaro fiye da bakwai, gona ɗaya daga kowane gida. Ta Maude kada a ɓoye ta, a rubuta cewa shanu sun zauna a wurin. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin manoman da suka yi asara.

Zancen zuciya kuwa, ke da kika ƙi yarda da gonaki bakwai, kada ki gina gida a kan 'yar hirar bakin darni. In ya ji gyara ya dawo, kin san wani abu game da shi da littafi ba zai gaya miki ba. In bai dawo ba, zai yi zafi, ban ce ba zai yi ba, amma irin kakanki na nan.

Gobe ki saɓa tulu a kafaɗa ki je rafi, ki riga sa'o'inki gaisuwa. Ƙila su ma nauyinki suke ji.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya cika rumbunku.

Anti Lydia