Ƙwanƙwasa Biyu a Kan Agogon Batir

Zuwa ga mahaifina, Baba Kyari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. 'Yarka ce Falmata. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma tun ranar Juma'a wata magana ke cina, kuma kai ne ya kamata ka fara jin ta. Masu karantawa a nan su yi mini haƙuri, hirar gida ce.

Maganar Dattijuwa ce, farar motarka da ta girme ni da shekara goma. Baba, a ranar Juma'ar nan saura kwana ɗaya 'yan gwangwan su zo su yanka ta.

Bayan rasuwarka ta yi wata biyar a gindin dogonyaron ƙofar gidanmu a Bolori, ba wanda ya iya buɗe ta. Da Hajja ta fita takaba, Yaya Modu ya ce bari a tashe ta a riƙa kai Hajja Dusuman wajen ƙanwarta. Batir ya mutu, ya sa sabo. Ta tashi bugu ɗaya. Sai dai ɗan agogon nan na gaban direba, mai nuna ƙarfin batir, allurarsa ta kwanta a kan ja ta ƙi motsi.

Ka san Yaya Modu da tsoron mota ta mace masa a hanya. Ya ce ba ta caji. Ya ciro altaneta, wadda ke cika batir in inji na aiki, ya kai wa wani mai wayarin a Mafoni aka sake naɗa ta. Aka mayar, allura na nan kwance. Mai wayarin ya ce sai an zare wayoyin motar kaf, kuma irin nata an daina samu. Daga nan Yaya Modu ya sallama. Ban ga laifinsa ba, ya yi iya yinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Hajja ta yarda. Cewa ta yi motar ta bi mai ita, a ɗauke ta daga ƙofar gida, ganinta na hana ta sakewa. Wata shida ke nan ko bakin titi ba ta leƙa ba. In an tare mata keke sai ta ce ƙafa, in ƙanwarta ta aiko sai ta ce gobe. Ta rame, Baba. Zoben azurfarka da take sa wa a babban yatsa har zare ta naɗa masa don kada ya zame.

Aka tsayar da Asabar da safe masu yankan za su zo.

Ranar Juma'a bayan la'asar na dawo daga aikin haɗa sola, jakar kayan aikina a kafaɗa. Na ce bari in shiga in zauna, ko sallama in yi da ita. Har yanzu kujerar na ƙanshin turarenka. Na murɗa makulli, ta tashi da wannan tarin nata. Na yi addu'ar hawa abin hawa kamar yadda ka koya mana. Sai kewarka ta taso mini, ban san lokacin da hannuna ya kai kan gilashin agogon ba, na ƙwanƙwasa sau biyu irin yadda kake yi.

Allura ta yi tsalle ta miƙe, ta ɗan yi rawa, ta koma ta kwanta.

Na daɗe ina kallonta baki buɗe.

Ka tuna safiyar da kake kai mu makaranta? Ka tayar da inji, ka yi bisimilla, ka karanta addu'a, sannan ka buga gilashin da zobenka, ƙwas ƙwas, ka ce, "To, mu je." Tun muna yara muka ɗauka bugun nan cikin addu'ar yake. Ni har gardama na taɓa yi da wata a Islamiyya, na ce ai ba a gama addu'ar mota sai an ƙwanƙwasa. Da ka tafi, duk muka riƙe addu'ar, amma bugun muka bar maka. Yaya Modu ya ce min hannunsa ba ya iya zuwa wurin, gani yake naka ne kai kaɗai.

Ashe gyaran mota kake yi, Baba! Shekara da shekaru, a gabanmu, fuskarka ɗauke da natsuwa kamar mai wuridi.

Na kashe inji, na ciro mitata ta auna wuta na buɗe bonet. Na ɗora a kan batir inji na kashe, ta nuna sha biyu da ɗoriya. Na tayar, ta haura sha huɗu. Lafiyar Dattijuwa ƙalau, caji take yi kamar sabuwa. Agogon ne ke mana ƙarya, mu kuma muka bi shi muka kusa kai ta mahauta.

Na kwanta a ƙasan sitiyari, gyale ɗaure a ƙugu, ƙafafuna a waje. Maƙwabta suna wucewa suna yi mini sannu da wata irin murya. Na kwance agogon na juyo bayansa. Waya biyu ce kawai. Ɗaya mai kawo wuta, na gwada ta, wuta na zuwa daidai. Ɗayar ita ce ke komawa jikin ƙarfen mota don wutar ta zagaya. Bakinta ya yi tsatsa, notin da ke riƙe ta ya ɓace tun ban san yaushe ba. A gurbin notin, me zan gani? Guntun asuwaki, an fere shi an cusa ya tokare wayar. Ya bushe ya ƙanƙance, shi ya sa sai an buga take taɓawa.

Na gane yankan wuƙarka. Na yi dariya har hawaye, daga nan dariyar ta ƙare hawayen suka ci gaba.

Kai da kake hana mu aikin rabi da rabi. Kai da ka sa na sake wanke tukunya sau uku don bayanta bai fita ba. Na tuna duk ranar da Hajja ta ce ka kai motar a duba, sai ka ce, "Wani satin, in Allah ya kai mu." Yanzu na san abin da ake ta ɗagawa.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi jinkiri kafin in gyara. Na ji kamar in na ɗaure wayar nan, na share wani abu naka da ya rage a duniya. Amma na tuna Hajja da ƙofar da ta ƙi fita. Na kankare tsatsar da samfefa har ƙarfe ya yi haske, na sa wa wayar sabon baki, na samo noti a jakata na ɗaure tam. Na mayar da agogon. Ina murɗa makulli allura ta tashi da kanta, ta tsaya a tsakiya ba ko rawa.

Yaya Modu ya zo ya leƙa, ya kalli asuwakin a tafin hannuna, ya juya baya ya daɗe yana gyaran hula. Shi ya buga wa 'yan gwangwan ɗin waya ya ce kada su zo.

Ranar Asabar, a daidai lokacin da za a ɗauke ta, na shiga na ce wa Hajja mota na jira. Ban yi zaton za ta tashi ba. Ta yafa lafayarta mai ruwan goro, ta fito a hankali, ta zauna a gaba inda ta saba. Na nuna mata allurar, na ba ta labarin asuwakin, na ce yanzu ba sai an buga ba. Ta saurare ni har na gama. Muka yi addu'a tare. Na sa giya zan ja, sai ta riƙe mini hannu, ta miƙa yatsan da zobenka yake, ta buga gilashin sau biyu, ta ce, "To, mu je."

Mun je Dusuman, Baba. Ta ci tuwo har da ƙari.

Asuwakin yana cikin jakata tare da mita. Ina kewarka ƙwarai, fiye da yadda nake nuna wa mutanen gida.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Yadda ka yi ta lallaɓa abubuwa don kada mu tsaya a hanya, Allah ya lallaɓa naka al'amarin ranar hisabi, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

'Yarka mai gardama,
Falmata