Ƙura Mai Ruwan Hoda a Hanyar Dogon Dutsi

Zongo, Kumasi

Zuwa ga yayana Brimah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, ya sauƙaƙa muku sanyin Hamburg. Mu nan alhamdu lillahi. Na fita takaba, na koma sayar da kokona a ƙofar gida, ko da yake har yau in na ji lori ta tsaya a bakin titi sai gabana ya faɗi. Mma ƙafar ce ke damunta, amma tana sallarta a zaune.

Yaya, na rubuto ne don in na ambaci sunan ɗanka Abdul-Samed a waya sai ka kashe. Takarda kuwa ba a kashe ta. Ka daure ka karanta, ko don darajar marigayi Zuberu.

Ka tuna abin da ɗanka ya faɗa da ya dawo daga Nijar ba tare da mijina ba. Ya ce sun ɗauko albasa daga Galmi, shi yana tuƙi, Zuberu na gefensa. Bayan la'asar, kafin Dogon Dutsi, sai ƙura ta taso daga gabas kamar katanga, rana ta ɓace, ko hannunsa ba ya gani. Ya taka birki, lorin ta sauka daga titi ta kife. Ka kuma tuna yadda Zongo ta karɓi maganar. Watan Yuni ne, ruwan sama ya cika mana kwatoci, yara na tsallake taɓo zuwa makaranta. A wurin zaman makoki wani ya ce wace irin ƙura ce a tsakiyar damina, ko daga aljihunsa ya fito da ita? Wani ya ce yaran mota duk ƙwaya suke sha, ƙurar a cikin kansa take. Maganar ta haye teku ta same ka, ka aiko masa da saƙon murya cewa kada ya ƙara kiranka uba. Ni na sha gaya maka ban ga ƙarya a idon yaron ba, amma ba ni da abin nunawa.

To yanzu ina da shi. Ka san ɗiyata Mubarika karatun yanayi take yi a jami'a. An ba su aiki a kan guguwar hamada, su duba tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam. Ashe akwai na'ura can sama da ke ɗaukar hoton ƙasashenmu dare da rana, kuma ba a zubar da ko ɗaya. Yarinyar nan ba ta gaya wa kowa ba, ta nemo ranar da babanta ya rasu. Na ga dai ta daina cin abinci, har na yi mata faɗa. Ranar Lahadi ina wanke tukunyar koko ta zo ta tsuguna, ta ce in goge hannuna, akwai abin da ya fi ƙarfinta ita kaɗai.

Yaya, na gan ta. Hoto na bin hoto, abin yana motsi. Da fari wani dunƙulen hadari ne, ja mai duhu. Sai wani abu ya ɓullo a gabansa yana yaɗuwa, kamar in ka kifar da bokitin ruwa a tsakar gida. Launinsa ruwan hoda, irin na atamfar da muka yi anko da ita a bikin Safia. Na ce wannan kyakkyawan abu ne ya kashe min miji? Mubarika ta ce launin ba na gaske ba ne, masu aikin ke sa shi don a rarrabe ƙura da gajimare. Ta ce can arewa haka damina ke shigowa: iskar hadari ta kwashi busasshiyar ƙasa ta turo ta gaba, ruwan yana baya. Ta ɗora yatsa a kan hanyar Dogon Dutsi, na zuba ido har abin ya zo ya haɗiye yatsanta. Bayan la'asar ne, Yaya, kamar yadda ya faɗa. Ta ce faɗinta ya yi kusan daga nan zuwa Accra. Ba ta ɓoye min ba, ta ce hoton ba ya nuna mota, hanya da lokaci kawai yake nunawa. Na ce sun ishe ni.

Na zauna a ƙasa ina salati. Na tambaye ta, wato abin nan yana sama yana kallo, ya kasa cewa ku tsaya? Ta ce abin da suke koyo ke nan, yadda labari zai riƙa isa ga masu tuƙi. Na yi istigfari, na san kwanan Zuberu ne ya ƙare. Amma mu fa? Mu da aka haifa a Kumasi, ba wanda ya taɓa yin damina a can, muka auna sararin Nijar da na Zongo, muka yanke wa yaro hukunci.

Washegari na hau trotro, motar haya, zuwa Suame, unguwar makanikai. Na sami Abdul-Samed a ƙarƙashin wata mota, ya rame har wandonsa da igiya ya ɗaure. Ubangidansa ya ce min a garejin yake kwana, kuma ko juya mota aka ce ya yi, sai ya miƙa wa wani makulli. Da ya gan ni ya so ya gudu, na riƙe masa riga. Na nuna masa wayar. Ya kalla, ya sake kalla, ya ce ita ce, Anti, wallahi ita ce. Bai yi kuka ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko Baba ya gani.

Ga abin da ya hana ni jira. Ya haɗa jaka, zai bi wasu samari zuwa Libiya ta hamada. Ya ce wanda ba shi da uba, ko'ina gidansa ne. Mubarika ta nuna min wannan hanyar ma, Yaya. Can ne gidan ruwan hodar, sai ya rufe ƙasa guda. Na ƙwace jakar, na taho da shi gida, na shimfiɗa masa a ɗakin Zuberu. Maƙwabta na leƙe, na ce su shigo su leƙa da kyau. Ya yi min alkawarin zai tsaya har takardar nan ta iso gare ka. Bayan nan, ya ce, kada in riƙe shi.

Ni ce na rasa miji, kuma ba na bin ɗanka komai. Kada ka yi fushi a madadina. Mubarika ta tura maka hotunan a waya, na ga ba ka buɗe ba. Ka buɗe.

Ka gaida min matarka Anti Barkisu, ka ce na ji tana kuka a ɓoye, ta daina. Ka gaida yara, Nuruddin da Fatima-Zahra. Mma na sa maka albarka, ta ce tana so ta ga jikanta ya ci abinci. Allah ya jiƙan Zuberu, ya sanyaya mana zuciya.

Lambar Abdul-Samed ba ta canza ba, Yaya. Ko alwala zai yi, a aljihu yake sa wayar.

Ƙanwarka,
Lariya