Ka Bar Sheƙar Kurciyoyin Nan

Auta,

Na tafi asibiti awon jini. Na ga gajiyar hanya ba ta sake ka ba, shi ya sa ban tashe ka ba. Abincinka na cikin kula.

Na ga maganin feshin da ka sayo. Ka fesa bayan kabad da ƙarƙashin wurin wanke-wanke, nan kyankyasai ke taruwa, amma ka fara kife kwanuka, ka rufe randa. Gindin lemun babanka kuwa toka kawai za ka barbaɗa, ita ke korar kiyashi. Haka yake yi masa, Allah ya jiƙansa.

Jiya na ji kana cewa za ka sauke sheƙar kurciyoyin da ke saman tagata, wai suna ɓata baranda. Don Allah ka bar musu abinsu. Kashinsu ni zan wanke, ruwan zafi ne da tsintsiya, bai fi ƙarfina ba. Kai gobe za ka ja motarka ka koma, yayyenka kuma sai a waya. Idan na buɗe ƙofa da safe, su kaɗai nake samu in ce wa ina kwana.

Innarka